Kafin A Sayi Mota Mai Tobo, A San Abincinta

Jawabi ga manoma, direbobi da 'yan kasuwar ƙananan hukumomin Batsari da Safana a kan ƙananan injunan mota masu shan fetur

 

Idan kaka ta yi, kuɗi yakan shigo hannun manomi. Wani ya sayar da gero da wake. Wani ya sayar da rogo. Wani kuma ya kai bijimi kasuwa. Daga nan sai tunanin sayen mota ya zo. A sa ta haya tsakanin Batsari da Katsina, ko Batsari da Jibiya, ko Safana da Dutsinma, ta riƙa kawo na cefane.

Mutum ya tafi Katsina ko Kano wurin masu sayar da motoci. Dillali ya buɗe masa bonet, ya ce: "Alhaji, duba nan. Ƙaramin inji ne, ba ya shan mai. Ga shi da tobo, ƙarfinsa kamar na babba." Maganar dillali akwai gaskiya a cikinta, amma rabi ce. Sauran rabin shi ne abin da wannan jawabi zai bayyana.

Maganar ba ta wasa ba ce. A ƙauye mota ɗaya ita ce ta kasuwa, ita ce ta biki, ita ce kuma mai kai mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ban da haka, mutanen Ruma da Wagini da Runka da sauran garuruwan da ke kusa da dajin Rugu sun sha wuya a hannun 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan. Sun san abin da ake nufi idan mota ta mutu a hanya ga rana tana faɗuwa. Saboda haka ƙarkon inji ya shafi dukiya, ya kuma shafi rai.

MENE NE TOBO?

Kowa ya san maƙera. Gawayi yana ci a hankali, ba ya iya narkar da komai. Amma da yaron maƙeri ya kama zugazugi, sai wuta ta yi ja, ƙarfe ya yi laushi. Gawayin bai ƙaru ba. Iska ce ta ƙaru.

Injin mota ma wuta ce ke cikinsa. Fetur ba ya ci sai da iska, kuma iskar da yake bukata tana da yawa ƙwarai. Kowane kilo ɗaya na fetur yana son kusan kilo 15 na iska. Wato lita ɗaya ta fetur tana cinye iska wajen lita 9,000. Idan da za a ɗura wannan iska a durom, sai ta cika durom 45.

Inji na gargajiya da kansa yake shaƙar iska, kamar yadda mutum yake numfashi. Shi kuwa mai tobo, tura masa iskar ake yi da ƙarfi. Tobo shi ne zugazugin inji. Farfela biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko. Ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke cusa iska cikin inji. Iska ta yi yawa, sai a ƙara fetur, sai ƙarfi ya ƙaru. Ta haka ƙaramin inji yake yin aikin babba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista tun 1905. An fara sa ta a ƙananan motoci na sayarwa a Amurka a 1962. Manyan motocin gas, irin tirela da tifa, sun daɗe da ita. Abin da ya sa ta yawaita a ƙananan motocin fetur shi ne tsadar mai da dokokin rage hayaƙi a ƙasashen Turai. Kamfanoni suka ga hanya mafi sauƙi ita ce su rage girman inji, su cike giɓin da tobo. Motocin da aka hau a can, su ne bayan shekaru suke zuwa nan da sunan 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe. Na ɗaya, gudu. Injin mota a hanya yakan juya sau dubu biyu ko uku a minti ɗaya. Tobo kuwa yakan wuce juyi 150,000 a minti ɗaya. Na biyu, zafi. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Hayaƙin da ke juya tobo yakan kai digiri 900. Sandar nan da ke wannan gudu a cikin wannan zafi, ba abin da ke riƙe da ita sai ɗan baƙin mai siriri. Shi ne yake sa mata santsi, shi ne kuma yake kwashe mata zafi. Duk wanda ya gane wannan, ya gane rabin sirrin tobo.

KARANTA LAMBOBIN JIKIN MOTA

A bayan mota, ko a kan murfin inji, akwai lambobi da haruffa. Ba ado ba ne. Wanda ya iya karatu zai san abin da yake saye ba sai dillali ya faɗa masa ba.

Lamba kamar 1.0 ko 1.8 ko 2.0 tana nuna girman cikin inji da lita. Idan an ga harafin T a bayan lambar, ko an rubuta Turbo, ko TSI, ko TFSI, ko THP, ko EcoBoost, to injin fetur ne mai tobo. Idan kuwa TDI aka rubuta, ko HDi, wannan na gas ne. Shi kuma ƙarfin inji ana auna shi da doki.

Ga misalai, daga tsohuwa zuwa sabuwa.

Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo. An daɗe ana haɗa ta a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Injinta mai lita 2.0 yana da fulogi huɗu da kafireto, ba shi da tobo. Ƙarfinsa bai kai doki 100 ba.

Volkswagen Sharan, wadda ake ce wa Sharon a tasha. An fara ƙera ta a 1995 a ƙasar Fotugal, mai kujera bakwai. Tana zuwa da injuna iri-iri. Akwai mai lita 2.0 marar tobo, mai doki 115. Akwai kuma 1.8T mai tobo. Wannan ya fi na 2.0 ƙanƙanta, amma dokinsa 150 ne. Fulogi huɗu gare shi da bawul 20, wato biyar-biyar. Cikakken ƙarfin jansa yana zuwa tun inji yana juyi 1,750 a minti, shi ya sa direba yake jin motar tana tashi da kaya ba tare da ya danne totur ba. Irin wannan inji yana cikin wasu Passat da Golf da Audi A4 ma.

Ford EcoBoost 1.0, wanda ya fito a 2012. Fulogi uku kacal. Gindinsa zai zauna a kan fallen takarda irin wadda ake buga wasiƙa a ofis. Amma yana ba da doki 125, ya fi na Fijo da ya ninka shi girma. Tobonsa yana iya kaiwa juyi 248,000 a minti. Ya ci kyautar gwarzon injin duniya shekara uku a jere, 2012 da 2013 da 2014.

Peugeot PureTech 1.2 mai tobo, wanda ya fito a 2014. Shi ma fulogi uku ne, mai doki 110 ko 130. Ana samunsa a Peugeot 208 da 2008 da 308 da 3008.

Har Honda Accord, wadda 'yan Nijeriya suke ƙauna, ƙirar 2018 ta zo da inji mai lita 1.5 da tobo. Wannan ya nuna cewa nan gaba irin waɗannan injuna za su ƙara yawa a kasuwar motocin hannu. Ko an so ko an ƙi, sai an koyi zama da su.

YANA DA ƘARKO KUWA?

Amsar ita ce, yana da ƙarko idan an ba shi haƙƙinsa. Fijo kamar jaki take. Ta ci ƙaiƙayi, ta sha ruwan rafi, ta kwana a waje, gobe ta tashi da kaya. Inji mai tobo kuwa dokin sukuwa ne. Ya fi jaki gudu nesa ba kusa ba, amma sai da dawa da harawa mai kyau da ruwa mai tsabta. Wanda ya ba doki abincin jaki, kada ya zargi doki.

A ɗauki 1.8T, tun da shi ne ya fi kusa da mutanen wannan yanki. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce mai ƙwari. Idan an kula da shi yakan yi tafiyar kilomita dubu ɗaruruwa. Amma yana da wuraren rauni guda huɗu da aka sani a ko'ina cikin duniya.

Na farko, daskarewar baƙin mai. Idan man ba mai kyau ba ne, ko ya daɗe ba a juye ba, zafin tobo yakan dafa shi ya koma kamar kwalta. A ƙasan inji akwai 'yar rariya da famfo ke jan mai ta cikinta. Kwaltar nan ta toshe rariya, mai ya daina hawa, tobo ya fara mutuwa, inji ya biyo baya. Wannan ya faru da motoci da yawa a Amurka, musamman Passat da Audi A4. A 2004 kamfanin ya ƙara wa masu su wa'adin garanti a kan wannan matsala, ya kuma ce a riƙa zuba man da ake kira sintetik.

Na biyu, taimin bel. Wannan bel ne mai haƙora da ke daidaita motsin fistin da bawul. A wannan inji, idan ya tsinke mota tana tafiya, fistin yakan doki bawul ya lanƙwasa su. Bel na kuɗi kaɗan ya jawo gyara na kuɗi mai yawa.

Na uku, famfon ruwa. Wasu suna da farfela ta roba, wadda takan fashe idan ta tsufa. Ruwa ya daina zagayawa, inji ya ɗau zafi.

Na huɗu, koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta. Kowane fulogi da nasa. Idan ɗaya ya mutu sai mota ta riƙa karkarwa. Wannan gyara ne mai sauƙi, kuma direba mai hankali yakan ajiye guda ɗaya a mota.

Su kuma sababbin nan masu fulogi uku, wato EcoBoost 1.0 da PureTech 1.2 na farko-farko, nasu taimin bel ɗin a cikin baƙin mai yake iyo. An yi haka ne don rage ƙara da shan mai. Amma idan man bai dace ba, ko fetur ya gauraya da shi, bel ɗin yakan ruɓe. Ɓarɓashinsa ya sauka ya toshe rariyar mai. Masu motoci da yawa a Turai sun koka da wannan. Kamfanin da ke ƙera Peugeot ya kira motoci don a duba su, a 2023 ya fito da sabon samfuri mai sarƙa maimakon bel, a 2024 kuma ya ƙara wa'adin ɗaukar nauyin gyara ga masu motocin a Turai. To, idan haka ta faru a inda ake da man gaske da hanyoyi masu kwalta, mai saye a Safana ya kamata ya yi tunani sau biyu. Motar hannu da ta ƙetaro teku, idan ta lalace a nan, aljihun mai ita ne garanti.

ABUBUWA BIYAR DA KE KASHE SHI A NAN

Na ɗaya, baƙin mai. A jikin kowane galan akwai lamba. Mai lamba 20W-50 yana da kauri, shi aka saba zuba wa Fijo da tsofaffin motoci. Inji mai tobo yana son mai sirara wanda zai ratsa ƙananan hanyoyi da sauri. Ga 1.8T, wanda ya dace shi ne sintetik mai lamba 5W-40, kuma a nemi inda aka rubuta VW 502 00 a bayan galan. Ga sauran motoci, a duba littafin mota. A guji man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, domin ba a san asalinsa ba. A sayi mai hatimi, a buɗe a gaban mai mota. A wurare masu ƙura da zafi, hikima ita ce a juye mai a canja filtarsa duk bayan kilomita 5,000. Direban da ke yin kilomita 100 a rana, kwana shida a mako, zai cika wannan a cikin mako takwas da kwana biyu. Kuma kowace safiya a zaro geji a duba.

Na biyu, ƙura. Hanyoyin ƙauyuka da yawa burji ne da rairayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ga ƙurar hunturu. An riga an faɗi yawan iskar da inji ke sha. Idan filtar iska ta yage, ko an cire ta, yashi zai shiga ya tarar da farfela mai juyi fiye da dubu ɗari a minti. Zai ci bakinta kamar yadda dutsen wāshi yake cin lauje. A riƙa ciro filta ana kakkaɓewa duk mako. Idan ta huje ko ta yi baƙi ƙirin, a sayi sabuwa. Kada a wanke ta takarda da ruwa ko da fetur.

Na uku, zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan kai digiri 40. Ruwan rijiya yana sa tsatsa da gishiri a cikin lagireto, a hankali ya toshe shi. Abin da ya dace shi ne ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan. Wasu bakanikai sukan cire tamostat, wato 'yar ƙofar da ke daidaita zafin ruwa, su ce ta ƙasar sanyi ce. Wannan kuskure ne. Injin zamani yana da kwamfuta da ke auna zafinsa. Idan ta ga bai ɗumama ba sai ta yi ta ƙara fetur. Mai ya tafi a banza, wani kuma ya zurara ya tsinka baƙin mai.

Akwai kuma ɗabi'u biyu na kyauta. Da safe, idan an tayar da mota, a ba ta kamar rabin minti mai ya hau, sannan a tafi a hankali har ta ɗumama. Bayan doguwar tafiya ko hawa da kaya, kada a kashe ta nan take. A bar ta tana aiki minti ɗaya ko biyu. Idan an kashe da gaggawa, mai yakan tsaya cak a cikin tobo mai zafi, ya ƙone a wurin.

Na huɗu, fetur. Inji mai tobo ya fi na gargajiya tsantseni. A ƙauyuka masu nisa da gidan mai, wurin 'yan bumburutu ake saye. Ba duka ne masu ha'inci ba, amma jarka takan tara ruwa da datti, wani kuma yakan gauraya da kananzir. Gurɓataccen mai yana sa inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan an taka totur. Wannan ƙara tana cin fistin. Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, motoci suka lalace a manyan birane. Mai mota ya yi ƙoƙari ya cika tanki a gidan man da ya amince da shi duk sa'ad da ya shiga gari. Idan dole ta sa a sayi na jarka, a tace da ƙyalle mai tsabta.

Na biyar, lodi. A nan ne maganar dillali take karyewa. Gaskiya ne ƙaramin inji ba ya shan mai, amma sai idan kayansa ba nauyi, tafiyar kuma ta natsuwa ce. Motar da aka yi don mutum bakwai, idan aka cusa mata goma sha biyu, aka ɗora buhunan masara a baya, tobo ba zai huta ba ko na minti ɗaya. Iska mai yawa tana kiran fetur mai yawa. A wannan hali zai sha mai kamar babban inji, zafi kuma ya ninka. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000. Tsadar nan ita ke sa direba ƙara lodi don ya fita. Amma abin da aka samu a lodi, sau da yawa a gareji yake ƙarewa.

MISALIN DIREBOBI BIYU

A ɗauka ga direbobi biyu a tasha ɗaya, kowanne da Sharon mai 1.8T.

Na farko ya sayi ɗan littafi ya ajiye a mota. Ranar da ya juye mai, ya rubuta kwanan wata da lambar kilomita da ke gaban sitiyari. Ya ƙara 5,000 a kai, ya rubuta, ya san ranar komawa. Tun a makon da ya sayi motar ya sa aka canja taimin bel da famfon ruwa, domin bai san yaushe mai ita na farko ya canja ba. Abokansa suka ce ɓarnar kuɗi ce, tun da bel bai tsinke ba.

Na biyu ya ce mai duk mai ne. Yana zuba na kwalba, ba ya juyewa sai ya yi baƙi. Wata rana jar fitila mai kama da buta ta fara ƙyaftawa a gabansa. Ya ce waya ce ta saki. Ranar kasuwa ya yi lodi, ya kama hanyar gida da la'asar sakaliya. A tsakiyar hanya fitilar ta tsaya da ja, ƙara ta tashi, inji ya buga. Ga mata da yara a mota, ga kaya, ga magariba ta gabato, gari kuma da saura.

Motar iri ɗaya ce, hanyar ɗaya ce. Abin da ya raba su ɗan littafi ne da galan ɗin mai. Rigakafi ya fi magani.

ALAMUN DA BA A RENAWA

Jar fitila mai kama da buta tana nufin mai ba ya hawa. A tsaya nan take a kashe inji. Tafiyar minti biyu a haka tana iya cinye inji ɗungurungum.

Allurar zafi ta haura tsakiya ta nufi ja: a tsaya, a bari ya huce. Kada a buɗe murfin ruwa da zafi, tururi yana ƙona fuska.

Fitila mai ruwan ɗorawa mai siffar inji: a kai wa bakaniken da ke da na'urar bincike ta kwamfuta. Ita za ta faɗi inda ciwon yake. Kada a yarda a cire ƙwan fitilar.

Shuɗin hayaƙi daga salansa yana nufin inji yana ƙona baƙin mai, kuma sau da yawa daga tobo yake zuba. Baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi, a duba filta da robobin iska ko ɗaya ya fashe. Farin hayaƙi mai kauri da raguwar ruwa, a ji tsoron gasket.

Ɗan siririn fito daga tobo ba laifi ba ne. Amma idan ya koma kamar jiniyar motar asibiti, tobo ya kusa ƙarewa.

RANAR SAYE

Kada mutum ya tafi shi kaɗai. Ya tafi da bakaniken da ya taɓa buɗe irin wannan inji, ba wanda zai koya a kan motarsa ba. A je da sassafe, a taɓa inji a ji da sanyi, sannan a tayar. Inji mai ciwo da sanyi yake tona kansa. A buɗe murfin da ake zuba mai, a haska tocila a ciki. Idan an ga baƙin abu mai danƙo, a bar motar ko da an rage kuɗi. Araha ba ta ado. A ciro robar da ke kai iska daga tobo. Ɗan danshin mai ba komai, amma idan mai ya taru yana ɗiga, akwai magana. A sa na'urar bincike. A hau motar a yi tafiya mai ɗan nisa, wani ya bi baya yana duba hayaƙi.

Sannan a yi wa kai tambayoyi uku. Ana samun kayan gyaran wannan inji a Katsina, ko sai an aika Kano ko Legas? Akwai bakaniken da ya san shi kusa, ko sai an ja mota zuwa birni? Bayan an biya kuɗin mota, akwai ragowar da za a sayi man gaske da bel da filta?

WA YA DACE YA SAYA?

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke bin kwalta, kayansa ba yawa, yana shiga birni a kai a kai, zai ji daɗin ƙaramin inji mai tobo. Zai samu ƙarfi, zai samu sauƙin mai, muddin ya kiyaye ƙa'ida.

Amma wanda motarsa za ta riƙa shiga ƙauyuka a kan burji, da buhuna da awaki da fasinja, ga gidan mai da nisa, ga bakanike da nisa, inji marar tobo ya fi masa kwanciyar hankali. Sharon mai 2.0, ko Golf marar tobo, ba su da saurin tashi kamar 1.8T. Amma sun fi haƙuri, kuma kusan kowane gareji ya san su.

Wanda kuma ya riga ya saya, kada hankalinsa ya tashi. Ya nemi littafi da biro yau. Ya rubuta lambar kilomita. Ya tambayi kansa yaushe rabon da a juye mai, yaushe rabon da a duba bel. Idan bai sani ba, gobe ya nufi gareji kafin ya nufi tasha.

Allah ya tsare hanya, ya ba da zaman lafiya a Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya, ya sa albarka a abin da aka samu. Wassalamu alaikum.